Ƙwayoyin Baba a Kofin Gimbiya

Zuwa ga yayata abar girmamawa,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa, mai yawa gwargwadon nisan da ke tsakaninmu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'ya'ya da jikoki, ya ƙara miki haƙuri da aikin asibiti, ya kuma raba ki da ciwon bayan nan da kika ambata. Kafin komai, ina so ki dubi rubutun nan da kyau. Ba hannun surukina ba ne, ba kuma na mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya ba. Hannuna ne, ni ƙanenki, mai shekara hamsin da huɗu. Wata tara ke nan ina zuwa ajin manya bayan la'asar, kwana uku a mako, kuma malaminmu ya shaida a gaban kowa cewa a cikinmu mu ashirin da biyu babu wanda ya kai ni kiyaye aya da waƙafi. Na so a ce wasiƙata ta farko zuwa gare ki ta ɗauko labari mai ƙamshi. Allah bai nufa ba.

Mutanen gida suna nan ƙalau. Babbar 'yata ta sauka lafiya, an samu namiji mai kama da kakansa a goshi. 'Yar autata ta shiga shekara ta biyu a koyon ɗinki, har ta rage mini wuyan riga ba tare da na nema ba. Goggo ta samu sauƙin idonta. Sai dai Baba. Kumburin ƙafarsa da na gaya miki a waya bai saɓe ba, kuma yanzu na san dalili: kusan wata biyu bai haɗiyi maganinsa ba, alhali kullum a gaban idonmu yake sa shi a baki. Ya hana ni gaya miki. Shi ya sa ban kira ki ba, domin kin san duk wayar da ta shigo gidan nan sai an buɗe murya an ɗora ta a gwiwarsa. Zan ba ki labarin bi da bi, kuma ina ba ki haƙuri tun yanzu, domin akwai ƙazanta a cikinsa. Idan kina cin abinci, ki ajiye takardar sai kin wanke hannu.

Dole in fara da shukokina, waɗanda kika gani guda huɗu a zuwanki na ƙarshe kika ce abarba ce da ta ƙi haihuwa. Ba ki yi nisa da gaskiya ba, dangin abarba ne, sunansu a littafi buromiliya. Na sa malaminmu ya rubuta mini sunan a allo na kwafa sau goma. Yanzu tukunya ashirin da bakwai gare ni a baranda, kuma ko ɗaya ban saya ba. A otal ɗin da nake shugabancin masu tsabta, da mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashina, ana jera su a zauren baƙi muddin suna da fure. Ranar da furen ya dushe sai a ce mu kai su bola tare da ragowar abinci. Shekara bakwai da suka wuce na tsinci ɗaya a cikin jujin, da miyar wani a kan ganyenta, na ga ƙananan 'ya'ya biyu suna leƙowa a gindinta. Mai kula da lambun otal ya bayyana mini cewa haka halittarsu take: sau ɗaya tak uwa ke yin fure a rayuwarta, daga nan ta shiga mutuwa a hankali tana ciyar da 'ya'yanta. Na ga bai dace a zubar da mai shayarwa a juji ba. Na wanke ta a famfon baya, na naɗe ta a jarida, na ɗauro ta a bayan keke.

Kiwonsu yana da ƙa'ida, ba aikin kowa ba ne. Ba a ƙasa ake dasa su ba. Ɓawon itace nake farfasawa in haɗa da gawayi da zaren kwakwa, domin saiwarsu ba ta son zama a jiƙe. Ganyayen suna zagaye juna su bar rami a tsakiya kamar kofi, kuma a wannan kofin suke shan ruwa, ba ta gindi ba. Ruwan famfo yana bar musu farin tabo kamar gishiri, saboda haka ruwan sama nake tara musu a duro biyu masu murfi a ƙarƙashin indararo. Idan ɗa ya kai sulusin uwarsa, sai in raba su da wuƙar da na ƙona a wuta, in ba shi tasa tukunyar. Kowace Asabar kuma nakan kifar da su ɗaya bayan ɗaya, in zubar da tsohon ruwa, in ɗauraye, in zuba sabo, don kada sauro ya sami wurin ƙwai. Maiɗakina takan ce da na yi wa 'ya'yanta rabin wannan hidimar da yanzu dukansu likitoci ne. A cikin shukokin akwai wadda nake kira Gimbiya, mai faffaɗan ganye da zane toka-toka kamar an barbaɗa mata gari, gefen ganyen da ƙaya kamar haƙoran zarto, kofinta kuwa yana haɗiye hannu har wuya. Shekara biyar ina renonta, tun tana kamar ɗan yatsa. Bana na leƙa na ga kan fure ruwan hoda yana tasowa daga ƙarƙashin ruwa. A nan na yi kuskuren da ba zan ɓoye miki ba: don tsoron kada in karya furen, na daina kifar da ita. Ƙari kawai nake yi mata daga sama, har mako bakwai.

Kujerar Baba tana gefen Gimbiya, domin wurin ne ke samun hasken safe ba tare da zafin rana ba, abin da su biyun ke so. A nan maiɗakina ke kai masa shayi da ƙwayoyinsa uku kowace safiya: ƙaramar fara, da mai ruwan ƙasa, da kafso mai ja da fari. Takan tsaya ya watsa su a baki, ya kurɓi ruwa, ya yi hamdala, sannan ta juya. Duk da haka ƙafafunsa suka dinga hauhawa. Takalmi ya daina shiga sai ya taka bayansa. Idan ka danna ƙwaurinsa da yatsa, ramin yana nan zaune kamar a kwaɓin burodi. Matakala uku na bakin ƙofa suka zame masa dutse, sai ya tsaya yana haki. Muka kai shi asibiti. Likita ya tambaye shi ko yana shan magani, Baba ya dube shi ido cikin ido ya ce bai taɓa tsallake rana ba, ni kuma na ba da shaida da babbar murya. Sai likita ya ninka awon ƙaramar farar, ya juya kan maiɗakina ya ce ita ce ke cika wa tsoho gishiri. Ta yi kuka a motar haya tun daga asibiti har gida. Wata guda tana ɗora masa tukunya daban, miya lami, tana auna komai da ƙaramin cokali, tana tuhumar hannunta. Shi kuwa yana ci yana ƙorafin rashin ɗanɗano, yana kallonta tana ramewa.

Sai wari ya fara. Da farko kaɗan-kaɗan, idan iska ta juyo. Yaya, shekara ashirin da shida ina aikin tsabta. Na wanke bayin da baƙi ɗari suka shiga bayan liyafa, na tsamo mushen kyanwa daga tankin ruwa, ban taɓa toshe hanci ba, don kada na ƙasa da ni su raina aikin. Amma wannan warin daban ne, kamar ruɓaɓɓen ƙwai da ya kwana a kantin magani. Ya shiga labule, ya shiga burodi, ya shiga rigar aikina har wani ma'aikacina ya matsa gefe da na zo duba aikinsa. Muka ja kabad muna neman mushen ɓera, muka tone magudana, ba komai. Korayen ƙudaje suka mai da barandar wurin taro. Da na gane daga wajen shukokin yake fitowa, sai na ɗora laifin a kan maƙwabcinmu na sama, mai walda, wanda ke jingina da ƙarfen bene yana shan taba yana kaki. Na sami kwali, na ja layi da rula, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa an hana tofa yawu da zubo ƙazanta daga sama, na sa hannu da muƙamina, na manna a bakin matakala. Rubutuna na farko ke nan da jama'a suka karanta. Mai walda ya sauko ya karanta shi da ƙarfi, harafi-harafi, ya ce ashe an naɗa ministan baranda ba a gayyace shi walima ba. Ya ce yawunsa tsada gare shi, ba ya ba ciyawa kyauta. Matarsa ta leƙo ta ce su ne ya kamata su rubuta kwali, tun da su warin ke hawowa ya iske. Muka yi cacar baki har masu wucewa suka tsaya. Baba yana zaune a kujerarsa yana jin komai, yana jan carbi.

Ranar Asabar ta makon jiya, bayan ya shiga ɗaki, na sunkuya in duba furen. Ya yi baƙi ƙirin. Na taɓa ganyen tsakiya, sai ya zare a hannuna da sulɓi kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Na ɗauko farar roba na kifar da Gimbiya a ciki. Abin da ke kofin ba ruwa ba ne. Wani taɓo ne mai kauri, rawaya da toka, ya maƙale a bakin kofin sai da na girgiza, sannan ya faɗo gaba ɗaya ya fantsamar mini a haɓa. Yana jan zare-zaren majina, da matattun kyankyasai biyu da suka kumbura, da fararen tsutsotsi suna juyi a ciki. Na yi amai a magudana, ni da ban taɓa yi a wurin aiki ba. Na wanke fuska sau uku da sabulun wanki, amma har washegari ina jin warin a maƙogwaro, kuma ranar ko shayi ban iya kallo ba, saboda launinsa. Da na dawo hayyacina na ɗauki tsinke ina tonawa, domin shugaba ba ya barin aiki rabi. A ƙasan robar na ga farar laka kamar jiƙaƙƙen alli, a cikinta kuma ga ɓawon kafso ja da fari, tsofaffin sun narke sun zama danƙo, na kwanan nan suna nan da kamanninsu. Na tsamo su ɗaya-ɗaya na jera a kan jarida. Na ƙirga goma sha ɗaya da ake iya ganewa.

Ban gaya wa kowa ba a ranar, domin zuciyata ta ƙi yarda da idona. Washegari na tsaya a bayan labulen taga. Maiɗakina ta kawo shayi da ƙwayoyi, ya watsa, ya kurɓa, ya yi hamdala, ta juya. Ya jira har ya ji ƙarar tukunya a kicin. Da yake Gimbiya ba ta nan, sai ya miƙa ƙafa ya jawo shukar da ke kusa, wata mai jan ciki da na raba da uwarta bara. Ya sunkuya, ya tura harshe ya tono ƙwayoyin uku daga kumatu, ya sake su da dogon yawu a cikin kofinta, ya bi su da kaki, ya goge baki da bayan hannu, ya gyara zaman hula. Ƙwarewar da ya yi abin da ita ce ta fi ba ni ƙyama, babu ko ɗiga a riga. Wannan fa shi ne mahaifin da ya taɓa marina don na sha ruwa na mayar da saura a randa.

Na fito da jaridar na shimfiɗa a gabansa, na durƙusa kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, na ce Baba, ga abin da na tsinta. Ya dubi jaridar, ya dube ni, ya ce ashe sarkin shara ya koma ɗan sanda. Ya ce ciyawa ce, kuma taki ya ba ta, kamata ya yi in gode. Na ce ba ciyawa ce ta durƙusar da ni ba, ƙafarsa ce da hawayen surukarsa. Sai da shayinsa ya huce sannan ya gaya mini dalili, fuskarsa tana bango. Wata biyu da suka wuce, bayan ya sha maganin, ya tafi bencin gaban shagon mai gyaran agogo, inda suke zama da tsofaffi 'yan'uwansa. Fitsari ya matse shi farat ɗaya. Ya miƙe, kafin ya kai lungu ya zubo, a farin wando, ya gangara har cikin takalmi, a gaban mutum biyar da masu wucewa. Ba wanda ya yi dariya. Mai agogo ya miƙo masa jarida ya kare gabansa, kowa ya sunkuyar da kai, kuma wannan shirun ya fi masa dariya ciwo. Bai san wace ƙwaya ce ta yi masa haka ba, sai ya hukunta duka ukun.

"Shekara arba'in ina wanki da guga," in ji shi, "ina fitar da tabo daga kayan mutane. Ba zan ƙare ina yawo da nawa a gaba ba. Gara ƙafa ta kumbura, riga tana rufe ta."

Daga nan ya nuna biron da ke aljihuna ya ce kada wannan abin ya kai magana ga yayata, domin kina ji za ki zo ki kwashe shi ki kai shi benenki na shida, inda ba benci ba aboki, ki ɗaura masa ƙunzugu kamar jariri. Na ce to. Yaya, wannan "to" ɗin ya kwana biyu a bakina yana wari fiye da abin da ke cikin robar, domin na faɗe shi ina sane ba zan cika ba.

Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki, na ɗebi samfur a kwalba, na ɗaure da leda biyu, na kai asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce in fita da shi waje tun ban kwance ledar farko ba. Likita ya fito ya duba daga nesa, ya dafe kai. Ya ce Allah ne ya tsare, domin da tsohon ya tuba rana ɗaya ya haɗiye ninkin da aka rubuta masa bisa shaidata, da jiri ya kayar da shi a bayi. Bisa shaidata, haka ya faɗa, a gaban mutanen da ke layi. Ya mayar da awon yadda yake a da. Ya bayyana mini cewa ƙaramar farar ce mai sa fitsari, kuma aikinta ke nan, ita ke janye ruwan da ke taruwa a ƙafa da ƙirji. Idan ruwan ya kai huhu, babu rigar da za ta rufe shi. Ya ce a ba shi ita da sassafe, ya zauna gida awa huɗu, daga nan ya tafi duk bencin da yake so. Ya kuma aiko wa maiɗakina da ban haƙuri, wanda a ganina daga wani bakin ya kamata ya fara fitowa.

Na kawo wa Baba wannan bayani a tsare, kashi-kashi. Ya yarda ya sha biyu daga cikin ƙwayoyin. Yanzu ni nake ba shi da hannuna, in tsaya ya buɗe baki ya ɗaga harshe, abin da ke sa in ji kamar ina binciken ma'aikacin da aka zarga da satar cokali, har in riƙa jin ƙyamar kaina. Farar kuwa ya ce ko an niƙa ta a shayi zai gane. Na ce zaman awa huɗu ne kawai. Ya ce abokansa da hantsi suke zama, kafin azahar kowa ya watse, wato so nake in ajiye shi a ƙofar bayi kamar buta har ranar da za a fitar da shi. Na kwashe shukokin gaba ɗaya zuwa ɗaya ƙarshen barandar, inda ƙafarsa ba ta kaiwa, na ɗauraye kofi ashirin da shida har duro ɗaya ya ƙare. A guda uku na tarar da ragowar aikinsa. Gimbiya kam ta tafi. Na yanke ruɓaɓɓen, na bar gindin a inuwa ko za ta fid da ɗa, amma ban sa rai ba. Na cire kwalin, na hau sama na ba mai walda haƙuri. Ya ce ya yafe, da sharaɗin in ba shi kwalin ya rataya a shagonsa, domin yaransa ba su taɓa ganin minista ya yi kuskure a rubuce ba. Maiɗakina kuwa da ta ji gaskiya ba ta ce komai ba. Tana nan tana kai masa shayi a kan lokaci, ta gaishe shi a durƙushe, sai dai ta daina tsayawa hira.

Ga abin da nake roƙonki, kuma na yi tunani a kansa sosai kafin in sa shi a takarda. Kada ki kira ki yi masa faɗa, kada kuma ki ambaci ɗauke shi daga nan, domin kin san halinsa, zai iya daina shan biyun ma don ya nuna mana shi ne uba. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin ga tsofaffi irinsa da yawa, wataƙila kin san wata dabarar da ni da likita ba mu sani ba. Ke kaɗai ce kuma yake jin nauyin musa wa, tun rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta. Idan za ki sami hutu ko na mako ɗaya ne, ki zo. Jiya da ya sunkuya zai sa takalmi, na ji ƙirjinsa yana ƙara kamar ruwa a cikin tiyo, kuma wannan ƙarar ba ta bar kunnena ba.

A nan na tsaya jiya Talata, na ninke takardar na sa a ambulan. Yau da safe na kasa fita da ita. Na ga idan na cusa ta a aljihu na wuce ta gabansa ina cewa sai na dawo, to ban san da wane ido zan sake ce masa ya ɗaga harshe ba. Na durƙusa na ce Baba, na janye "to" ɗina, na rubuta wa Yaya komai, shafi shida, kuma yau zan kai gidan waya. Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin, sannan ya ce in karanta masa. Na karanta tun daga sallama, ban tsallake layi ɗaya ba, har wurin benci. Ya saurara ido a rufe. Da na gama ya ce wanda ya koya mini rubutu bai kyauta wa gidan nan ba. Ya ce kuma akwai kuskure, mutum huɗu ne a bencin, ba biyar ba. Ya ce in ƙara cewa shi ya wanke wandon da hannunsa a ranar, ya sa sitati ya goge, kuma duk mai ganin zai sami tabo a jikinsa ya zo ya duba a rana. Ga shi na ƙara, kamar yadda ya umarta. Daga nan ya miƙo tafin hannu, bai dube ni ba.

"Kawo farar ƙwayar. In yayarka za ta zo, ba za ta iske ni da ƙafar giwa ta sami hujjar ɗaukata ba."

Ya haɗiye, ya buɗe baki ya ɗaga harshe tun ban tambaya ba. Yanzu ƙarfe goma saura, ina rubuta wannan a kan gwiwata, ya wuce ni zuwa bayi sau biyar, kuma kowace wucewa sai ya ja tsaki a saitin kaina. Ban san ko gobe zai sha ba. Abin da na sani shi ne don tsoron zuwanki ya sha ta yau. Saboda haka ki aiko mana da ranar zuwanki a rubuce, in karanta masa, kuma ina ba ki shawara kada ki sa ta kusa ƙwarai.

Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki, da babban ɗanki da amaryarsa, da takwarar Inna, da 'yan biyu, da Kawu idan kun haɗu. Maiɗakina tana gaishe ki, ta ce ke kaɗai za ki gane abin da ba ta faɗa ba. Goggo da 'ya'yana duka suna gaisuwa. Na tambayi Baba ko in sa tasa, ya amsa daga bayan ƙofa cewa in sa, amma a layi daban, kada ta haɗu da tawa.

Baba yana gaishe ki.

Ni ne ƙanenki mai biyayya,
shugaban masu tsabta, da hannunsa.